Kuɗin Baffa suna asusun kamfani, karatu kuma a Janairu: ina aka dosa da maganar biza?

Sadiq Tunfure: Assalamu alaikum manyanmu na wannan zaure. Na gama digiri a Jami'ar Tarayya ta Kashere a 2021, na yi hidimar ƙasa, yanzu wata jami'a a arewacin Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, za a fara ƙarshen Janairun 2026. Kuɗin makaranta fam 16,000 ne, an riga an biya 5,000. Baffana, ƙanen mahaifina, shi ke ɗaukar nauyina. Sana'ar hatsi yake yi a Tudun Hatsi, kuɗin kuma suna asusun kamfaninsa. Yau 24 ga Oktoban 2025. Me ya rage mini wajen neman bizar karatu, kuma lokaci zai isa?

Malam Jauro Kumo: Wa alaikumus salam Sadiq. Lokaci zai isa, amma ba da wannan asusun ba. Birtaniya ba ta karɓar takardar banki sai wadda ke ɗauke da sunanka, ko na mahaifi, ko na mahaifiya, ko na wanda kotu ta ba riƙonka, ko na mata ko miji da ke da izinin zama can ko ke nema tare da kai. Baffa da kawu da yaya duk ba sa ciki, ko da su suka raine ka tun kana goye. Asusun kamfani kuma ya fi muni, domin a wurinsu kamfani daban, mai kamfani daban. Mafita ita ce Baffa ya turo kuɗin cikin asusunka na kanka. Lissafi: ragowar kuɗin makaranta fam 11,000, sai kuɗin zama na wata 9. A wajen Landan fam 1,136 ne kowane wata, wato 10,224. Ka haɗa su, shi ne abin da za a gani a banki.

Anti Laraba Billiri: Malam Jauro, a gafarce ni, akwai gyara. Wancan adadin na wanda zai shigar da takardarsa kafin 11 ga Nuwamban 2025 ne. Daga ranar ya koma fam 1,171 a wata a wajen Landan, 1,529 a cikin Landan. Sadiq ba zai iya shigarwa kafin ranar ba, tunda kwana 28 da dole kuɗin su yi a asusunsa ko farawa ba su yi ba. Saboda haka nasa 10,539 ne, a haɗa da 11,000, ya zama fam 21,539. Mutum ya kai tsohon lissafi, fam 315 kacal su ja a hana shi.

Malam Jauro Kumo: Haka ne Anti, naki ne daidai.

Sadiq Tunfure: Kwana 28 ɗin nan fa Anti, daga yaushe ake ƙirgawa?

Anti Laraba Billiri: Daga ranar da kuɗin suka cika cif a asusun. Dole su kwana 28 a jere ba tare da sun sauka ƙasa da adadin ba ko na yini ɗaya. Ba abin da ya rage a rana ta ƙarshe suke dubawa kawai ba, suna bin kwanakin ne su ga inda kuɗin suka fi yin ƙasa. Nan ake yawan faɗuwa: a zuba adadin daidai wa daida, sai banki ya cire naira 50 ta hatimi ko kuɗin saƙon waya, shi ke nan an sauka ƙasa da layi, ƙirge ya koma farko. Sannan ranar ƙarshe ta takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka shigar da takarda, ranar shigarwa kuwa ita ce ranar da ka biya kuɗin biza a intanet, ba ranar da ka je a ɗauki zanen yatsunka ba.

Akwai kuma canji. Idan kuɗin a naira suke, za su juya su zuwa fam da farashin shafin OANDA na ranar shigarwa, ba farashin 'yan canji na bakin kasuwa ba. In muka ɗauka fam ɗaya naira 2,000 ne, kana maganar sama da miliyan 43. Ni a ganina a ɗora aƙalla kashi 10 cikin 100 a kai, saboda naira ba ta da alkawari.

Baban Khalifa Wunti: To ai nan gizo ke saƙa. Ɗan kasuwar hatsi a ce ya ɗaure miliyan arba'in da wani abu wata guda, ana cikin kaka, lokacin da kowa ke sayen masara da wake yana tarawa? Akwai masu ba da aron kuɗi a zuba a asusu, bayan biza ta fito a mayar musu da ɗan abin da aka yi yarjejeniya. Mutane da yawa da haka suka tafi.

Dakta Hauwa Azare: Baban Khalifa, wannan shawarar ban goyi bayanta ba ko kaɗan. A ajiye maganar riba a gefe, malamai na nan za su yi bayaninta. Dokar cewa ta yi kuɗin su kasance naka ne da za ka iya kashewa a kan karatu da zama, kuma suna da ikon tuntuɓar banki su tabbatar. In suka kama takardar bogi ko ƙarya, haramcin shiga na shekara 10 ne. A ɗauka ma an wuce lafiya, wa zai biya ragowar fam 11,000? Aikin da aka yarje wa ɗalibi awa 20 ne a mako lokacin karatu, wanda da ƙyar yake ɗaukar haya da abinci. A 2024, bayan faɗuwar naira, an ga yadda wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside suka kasa cika kuɗin makaranta aka dakatar da su, har aka sanar da hukumar shige da fice. Jami'a tana janye ɗaukar nauyinka, bizar ta bi bayanta.

Baban Khalifa Wunti: Dakta, ni ban ce halal ba ne, cewa na yi ana yi. Amma ki amsa mini wannan: Baffa ya zuba miliyan 45 rana ɗaya a asusun yaron da bai taɓa riƙe miliyan biyu ba. Su can yaya za su bambance shi da na aro?

Dakta Hauwa Azare: Da takarda da kuma baki. Shigar kuɗi mai yawa a lokaci ɗaya ba laifi ba ne a dokar Birtaniya, muddin sun cika kwanakinsu. Amma za a iya tambayar daga ina suke. Sai Baffa ya rubuta wasiƙa ya sa hannu cewa kyauta ce don karatun ɗan wansa, a ajiye takardar rajistar kamfaninsa ta CAC da takardar bankin da kuɗin suka fito. Wanda aka sayar wa fili ko shanu, ya ajiye takardar ciniki. Mai kuɗin aro kuwa, tambaya biyu ake yi masa ya fara kame-kame, don bai san sunan wanda ya turo ba balle sana'arsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Maman Ilham: In an sa a asusun mahaifinsa fa, ba zai fi kyan gani ba?

Malam Jauro Kumo: Ya halatta Hajiya, sai dai takardu sun ƙaru: wasiƙar mahaifi ta amincewa, da takardar haihuwa mai nuna sunan uban. A samo ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kada a dogara da rantsuwar shekaru ta kotu ita kaɗai. Kuma a nan matsalar sunaye ke fitowa, wadda ta addabi mutanenmu. WAEC ta rubuta Mohammed, fasfo ya ce Muhammad, NIN ta ɗauki sunan gari a matsayin sunan mahaifi, banki kuma ya san uban da Garba alhali takardar haihuwa Abubakar ta ce. Mu mun san mutum ɗaya ne, baturen da ke duba fayil bai sani ba. Asusun ɗalibi shi ya fi sauƙi. Abu guda: ya zama banki ne da za su iya tuntuɓa, kuma kuɗin da za a iya cirewa nan take. Hannun jari, kuɗin fansho da kirifto ba sa shiga lissafi.

Anti Laraba Billiri: Kun tsaya a kuɗi, ni kuma abin da ya fi ba ni tsoro a lokacinsa gwajin tarin fuka ne. Duk wanda ke zaune a Najeriya zai je Birtaniya fiye da wata 6 sai ya yi, kuma ba a kowane asibiti ba. Hoton ƙirjin da aka ɗauka a Gombe ko Bauchi, komai girman asibitin, ba ya aiki. Sai cibiyar da suka amince da ita, mafi kusa da mu ita ce ta IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja. In hoton ya fita fes, takarda ba ta daɗewa, kuma tana aiki wata 6. In likita ya ga wani tabo, ko da na tsohon ciwo ne da aka warke, za a karɓi kaki na safiya uku a jere a kai ɗakin gwaji, sakamakon kan kai mako 8. Sadiq, ƙirga mako 8 daga ƙarshen Nuwamba ka ga inda ka faɗa. Ka nemi rana a makon nan, kada ka jira kuɗi su cika kwanakinsu. Mai juna biyu kuma ta faɗa musu tun a bakin ƙofa, akwai tsarin da suke bi da ita.

Sadiq Tunfure: Allah ya saka da alheri Anti. CAS fa? Jami'ar ta ce sai na yi ganawa da su ta bidiyo kafin su ba ni.

Dakta Hauwa Azare: CAS lamba ce da jami'a ke fitarwa a rumbun hukumar shige da fice, ba ta ba ka sai ta gamsu da kai, don ita ma in ɗalibanta suka yawaita shan ƙi, lasisinta na cikin haɗari. Tana aiki wata 6, sau ɗaya kuma ake amfani da ita. In ta zo ka karanta ta layi-layi: lambar fasfo, ranar haihuwa, ranar fara karatu, musamman ko fam 5,000 da aka biya sun bayyana. In ba su bayyana ba, ka sa su gyara kafin ka shigar, in ba haka ba za a iya lissafa maka 16,000 gaba ɗaya.

Ganawar kuwa iri biyu ce. Ta jami'a, sai ta jami'an biza, wadda ba kowa ake kira ba, amma ka shirya kamar za a kira ka. Abin da suke nema ɗaya ne: wannan ɗalibi ne na gaske ko mai neman hanyar shiga? Za su ce me ya sa wannan kwas. Amsar "Birtaniya na da ingantaccen ilimi" sun ji ta har ta gundure su. Ka buɗe shafin jami'ar ka san sunayen darussa uku ko huɗu da abin da kowanne ya ƙunsa, yadda ake auna ɗalibi, jarrabawa ce ko rubutu, da abin da kake son yin bincike a kai. Ka ɗaure shi da inda ka fito: rigakafin yara, mace-macen mata wajen haihuwa, ɓarkewar amai da gudawa da damina, abubuwan da ka gani da idonka. Za su ce wace jami'a ka duba kafin wannan, ka iya kiran biyu da dalilin da ya sa ka bar su. Za su ce me ya hana ka yi a Najeriya, kada ka zagi jami'o'inmu, ka faɗi abin da kwas ɗin can yake da shi. Za su tambayi inda za ka zauna, nawa ne haya a mako, tafiyar minti nawa zuwa aji. Sai kuma giɓin 2021 zuwa yau. Shekara ɗaya hidimar ƙasa, sauran fa? In aiki ka yi, a ga wasiƙar wurin aikin. In shagon Baffa ka riƙe, ka faɗa haka, ba abin kunya ba ne. Abin da ke kashe mutum shi ne fom ya ce abu kaza, baki ya ce wani.

Injiniya Dass: Ƙari kaɗan kan na Dakta. In ta bidiyo ce, kada a dogara da wutar NEPA da layi ɗaya. A caja kwamfuta, a tanadi layi na biyu, a zauna ɗaki shi kaɗai, fasfo a hannu. Suna lura da idon da ke kallon gefe yana karanta takarda, suna kuma jin raɗar mai taya amsa. In ba ka ji tambaya ba, ka ce a maimaita, ba a rage maki a kan wannan. Haddar amsa kuwa ana gane ta daga jimlar farko, da an katse mai ita da wata tambaya sai ya rikice. Masu kimiyya da injiniyanci a digiri na biyu zuwa sama su duba ko kwas ɗinsu na buƙatar takardar ATAS, wato izinin tantancewar tsaro na gwamnatin Birtaniya, tana cin makonni.

Baban Khalifa Wunti: In suka ce bayan karatu me za ka yi fa? Kowa ya san akwai bizar zama bayan kammalawa. A ɓoye?

Dakta Hauwa Azare: Ba a ce a ɓoye ba, hanya ce da dokarsu ta buɗe. Amma kada ta zama ita ce dalilin tafiyar. Ka faɗi irin aikin da digirin zai kai ka gare shi a gida da wuraren da ke ɗaukar masu shi. A sani kuma an rage ta: wanda zai nema daga 1 ga Janairun 2027, wata 18 zai samu maimakon shekara 2, masu digiri na uku ne suka tsira da shekara 3. Sadiq zai gama ne a 2027, ragin zai same shi.

Maman Ilham: Ku taimaka mini da ɓangaren Amurka. 'Yata ta gama jami'ar ATBU ta Bauchi, wata jami'a can ta ba ta gurbi da tallafin rabin kuɗi. Tsarin ɗaya ne? Kuma hijabinta a hoto fa?

Injiniya Dass: Hajiya, sun sha bamban. Birtaniya takarda take bi, Amurka kuwa mutum take kallo, kuma hukuncin a tsaye ake yanke shi gaban taga cikin 'yan mintuna. A tsarin 2025, da farko jami'a ta aiko mata da I-20, takardar da ke nuna ta ba ta gurbi. Da lambar da ke jiki za ta biya kuɗin SEVIS, wato na rajistar ɗaliban waje, dala 350, ta cike fom ɗin DS-160 a intanet, ta biya kuɗin biza dala 185, sannan ta zaɓi rana a ofishin jakadanci na Abuja ko ƙaramin ofishin Legas. Lambar DS-160 da ta nemi rana da ita dole ta zama ita ce a takardar da za ta riƙe, in sun saɓa a ƙofa za a mayar da ita. Hoto inci 2 a tsaye inci 2 a kwance, farin bango, wanda bai wuce wata 6 ba, babu tabarau. Hijabi ba matsala, fuska dai ta fito duka daga goshi zuwa haɓa, babu inuwa.

Fom ɗin na tambayar sunayen da ta yi amfani da su a Facebook, Instagram, X da sauransu cikin shekara 5. Ta rubuta duka har wanda ta daina buɗewa. Tun Yunin 2025 an ce masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu kowa ya iya gani. Ɓoye shafi ya fi abin da ke cikinsa haɗari.

Malam Jauro Kumo: Kuma dokarsu, sashe na 214(b), ta ɗauka duk mai nema niyyar zama gare shi har sai ya nuna akasin haka. Shi ya sa tambayoyin ba su da yawa: me za ki karanta, me ya sa can, wa zai biya, me yake yi, sai me bayan an gama. Sau da yawa jami'in ko takardar banki ba ya karɓa, ya riga ya karanta fom. Amsa ta zama jimla biyu ko uku, da adadi a ciki: tallafi ya ɗauke kaza, mahaifina zai biya kaza, sana'arsa kaza. A nan Amurka ta fi sauƙi ta wani gefen, baffa ko kawu na iya ɗaukar nauyi, sai dai za a so jin dalilin da ya sa shi. In tana da ɗan'uwa can ta faɗa, suna da bayanansa. In an ƙi a ƙarƙashin 214(b) babu ɗaukaka ƙara, sai sabon nema da sabon kuɗi, kuma komawa bayan mako biyu da labari iri ɗaya asarar dala 185 ce. Takardar 221(g) kuma ba ƙi na ƙarshe ba ce, ƙarin bincike ne ko neman wata takarda.

Maman Ilham: An ce bizar yanzu ta wata uku ce. Karatun shekara biyu fa?

Injiniya Dass: Gaskiya ne, a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata 3, shiga ɗaya. Amma wa'adin na shiga ne, ba na zama ba. A tsarin 2025, in ta shiga, tana nan bisa doka muddin I-20 ɗinta na aiki kuma tana zuwa aji. Inda abin yake ciwo shi ne hutu: ta zo gida sallah ko biki, sai ta sake neman biza kafin ta koma. Kuma ba a barin sabon ɗalibi ya shiga fiye da kwana 30 kafin ranar da ke kan I-20, don haka a daidaita ranar ganawa da ranar tafiya, kada bizar ta mutu a aljihu.

Baban Khalifa Wunti: Duk wannan ai shi ya sa mutane ke zuwa wajen ejan su huta.

Anti Laraba Billiri: Akwai ejan da jami'o'i suka amince da su, sunayensu na shafin jami'ar, kuma jami'ar ce ke biyan yawancinsu. Waɗannan ba laifi. Amma ko waye, kada ya shigar da fom ba ka karanta ba, kada ya buɗe maka da imel ɗinsa. Yakan ƙara maka aikin da ba ka yi ba, ko ya amsa "a'a" a tambayar ko wata ƙasa ta taɓa hana ka biza alhali an taɓa. Kai za a kama da yaudara, shi yana ofishinsa. Wanda ya ce yana da mutum a ciki kuwa, ka riƙe kuɗinka.

Sadiq Tunfure: Na gode iyayena. Bayan na banki, nawa zan ware daban?

Malam Jauro Kumo: Kuɗin biza a Oktoban 2025 fam 524 ne. Kuɗin lafiya fam 776 a shekara, amma da tsawon bizar ake lissafi ba na kwas ba. Kwas na wata 12 ana ƙara masa wata 4 bayan ya ƙare, don haka na shekara ɗaya da rabi za ka biya, fam 1,164. Kada a ciri waɗannan daga kuɗin da ke kwana a asusu, a tanade su daban, a kuma tabbatar katin da za a biya da shi yana wucewa a kuɗin waje. Sai gwajin tarin fuka, da zuwa Abuja sau biyu, ɗaya na gwaji, ɗaya na zanen yatsu a cibiyar VFS Global. Daga Gombe ta Bauchi, Jos, Akwanga da Keffi yini guda ne, ka isa ana gobe, kada ka tashi da asubar ranar. Tun 15 ga Yulin 2025 ba a liƙa wa ɗalibai biza a fasfo, a intanet take, za ka buɗe asusu a shafin UKVI, hukumar bizar Birtaniya, ka haɗa shi da fasfonka kafin ka hau jirgi.

Maman Ilham: Sadiq yana da iyali ne? Don kada a sa rai.

Sadiq Tunfure: Da saura Hajiya.

Dakta Hauwa Azare: To ga masu shi, tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya tafiya da mata da yara, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa.

Anti Laraba Billiri: Sadiq, ɗauko kalanda. In Baffa ya turo ranar Litinin 27 ga Oktoba, kwana na 28 zai faɗo Lahadi 23 ga Nuwamba. Ka bar shi ya ƙara kwana biyu, ka karɓi takardar banki ranar 25, mai sunanka da lambar asusu da tambarin bankin. Kafin nan gwaji ya fito, an yi ganawar jami'a, CAS ta zo. Ka shigar a makon, ka je VFS farkon Disamba. Hukunci kan ɗauki mako 3 daga ranar yatsu, amma hutun Kirsimeti na gaba, kowane mako da ka ɓata a Nuwamba zai iya zama biyu. Kada ka sayi tikiti sai ta fito, kuma kada Baffa ya taɓa kuɗin kafin hukunci.

Sadiq Tunfure: Yau da daddare zan same shi da wannan lissafin in sha Allah. Dakta, in na rubuta amsoshina zan iya turo miki ki duba?

Dakta Hauwa Azare: Kada ka rubuta. Ka karanta shafin kwas ɗin da kyau, ranar Asabar bayan la'asar ka kira ni ta bidiyo, in yi maka tambayoyin ba tare da ka san wacce za ta zo ba.